Inda Kuɗin Ke Yoyo

A Aboabo, bayan gada, inda kwata ke waƙarta,
babana ya bar mini tukwane huɗu,
ma'aikata tara,
da littafi mai baƙin bango da mai ya jiƙa har yana sheƙi.
Sabulu muke dafawa:
manja daga Juaben, man kaɗe daga Tamale,
tokar ɓawon koko mai cin tafin hannu.

Malam Dantani ne da littafin,
shekara talatin, biro a bayan kunne.
Bara idonsa ya soma gajiya,
bakwai ta koma ɗaya, takwas ta koma uku.
Tsakanin Rajab da azumi
gangar manja uku ta bi iska.
Kejetiya na saye, mota na lodi,
aljihuna kuwa kwando ne a rafi.
Na sa wa Tanimu ido, yaron sito,
don ya sayi sabon takalmi.

Aka ce, nemi manhaja
mai ɗaure sito da ciniki da albashi da igiya ɗaya.

Na fari ya zo daga Ankara ta bakin teku,
da kwat, da ƙamshi, da allo a hammata.
Farashinsa da dala yake, duk shekara,
ni ko da sidi nake kwana,
sidin da ke ramewa ina kallo.
Ya buɗe mini ɗaki arba'in a cikin na'ura.
Na ce, sito ɗaya gare ni, ɗan'uwa,
wa ke ɗinka wa ɗan tsako babbar riga?

Fusaini, ɗan ƙanwata, ya ce, Kawu, akwai ta kyauta.
Na ce, in ta shaƙe fa?
Ya ce, sai ka kira ni.
Shi da ke jiran biza tun kafin Sallah.

Ta uku a tirotiro ta zo, sunanta Serwaa.
Ba ta buɗe jaka ba sai da ta kwana biyu
a kan benci, kusa da Malam Dantani,
hayaƙi na sa ta hawaye, tana tambaya:
in an ɗauke wuta, me kuke yi?
Wa ke karɓar kuɗin da ya shigo ta waya?
Sanda nawa ke fita daga ganga guda?

Ni ma ina da tambaya ɗaya da na yi wa kowa.
Duk gawar da aka wanke a unguwar nan,
da sabulunmu ne, ba a biya,
haka babana ya bari.
Ina zan sa wannan?
Mai kwat ya ce, asara.
Fusaini ya ce, ragi.
Serwaa ta juya littafin tsoho,
ta ga layin da ya ja da jan biro, ba suna a kai.
Ta ce, Malam, ya kuke kiransa?
Ya ce, ba ma kiransa.
Ta buɗe gurbi, ta bar samansa fari.

Ita na zaɓa.
Ba ta fi arha ba ƙwarai, kuma takan yi nawa da hantsi.

Ƙarshen wata takarda ta fito da ɗuminta.
Manja daidai. Tanimu fes.
Sai wani layi, dogo kamar titin Tafo:
suna, sidi ɗari biyu; ta'aziyya, ɗari uku;
man babur; gudummawar biki; bari zan mayar.
Duk da sa hannun mutum ɗaya.

Malam Dantani ya cire tabarau yana gogewa.
Ya ce, ni ma na gani, tun ido na gani.
Biro ne ke jin nauyinka.

Na fita tsakar gida.
Tanimu na juya tukunya, takalminsa ya riga ya tsufa.
Na tsaya gefensa, na karɓi muciyar.